Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Masu Yawon Daji da Hawan Duwatsu

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

An gudanar da tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi da aka ɗage.

Babban aikinmu na bana shi ne tafiyar gandun dajin Gashaka-Gumti a watan Janairu, lokacin da koguna suka ja baya har ana iya tsallaka su da ƙafa. Wannan gandu da aka kafa a 1991 shi ne mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa. Mun bi ta Jalingo da Bali zuwa Serti, inda aka yi mana rajista aka haɗa mu da jami'an gandun, sannan muka wuce ƙauyen Gashaka, muka ga kufan sansanin Jamusawa, muka kuma ga dorina a kogin Kam. Jami'an nan sun koya wa matasanmu abin da zaman ɗakin taro ba zai koyar ba: a tafasa ruwan rafi komai kyansa a ido, a zazzage takalmi da safe saboda kunama, a kafa tanti nesa da hanyar da dabbobi ke bi zuwa ruwa, kuma kada a bar wuta sai ta mutu murus.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne kwanan da muka yi kusa da wata rugar Fulani a kan tudu. Mun fara kai gaisuwa wurin Arɗo da goro da gishiri, wani mambanmu mai jin Fulatanci ya yi tafinta, kuma babu wanda ya ɗaga waya don ɗaukar hoto sai da aka ba da izini. An karɓe mu da kindirmo, dattawa suka yi mana bayanin yadda suke saukar da shanu kwari da rani, su hau da su tudu da damina don gudun ƙudan tsando. Kowa ya dawo gida lafiya, alhamdu lillahi.

Masu tambayar dalilin da ya sa ba a hau Chappal Waddi da ke cikin wannan gandu ba, dutse mafi tsawo a ƙasar nan mai mita 2,419, su sani cewa hawansa na buƙatar ƙarin kwanaki da 'yan dako, asusunmu kuwa bai kai ba. Haka ziyarar Sukur a ƙaramar hukumar Madagali, wurin da UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1999: an ɗage ta ne saboda batun tsaro da tsadar mota, ba don sakacin kwamiti ba kamar yadda ake faɗa a bayan fage. Sababbin tantuna da horon agajin gaggawa ma suna nan jiran kuɗi.

Gaskiyar magana, waɗanda suka biya kuɗin wata-wata cikakke ba su kai rabinmu ba, kuma ni da ma'aji mun gaji da buga wayar da ba a ɗauka. Abin mamaki, waɗanda ba a ganin ƙeyarsu a taro su ne kan gaba wajen neman kujera a mota ranar tafiya. Kwamiti ya yanke cewa duk wanda bai biya bashinsa ba kafin taron wata mai zuwa, ba za a sa sunansa a tafiyar baɗi ba.

Sakataren ƙungiya