Kofin tsakiyar kaka na NBA: a yi dariya, amma a yi adalci

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan zolayar da masoya ƙwallon kwando ke yi wa gasar tsakiyar kaka ta NBA, wato babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Tsiyar ta faro ne a Disambar 2023, bayan Lakers ta doke Indiana Pacers da maki 123 da 109 a Las Vegas, ta ɗauki kofin na farko. Sai kulob ɗin ya rataya masa tuta a zauren wasansa, can sama inda tutocin kambun NBA 17 da ya ci suke. Nan fa 'yan adawa suka samu abin yi. Zolayar da ta fi ba ni dariya ita ce ta masu cewa yanzu gardama ta ƙare, LeBron James, wanda ya ci kofin da Lakers, ya fi tsohon gwarzon NBA Michael Jordan, tunda Jordan bai taɓa cin wannan kofi ba. To ina zai ci, alhali ya yi ritaya shekara 20 kafin a ƙirƙiro shi? Da Denver ta yi waje da Lakers a zagayen farko na wasannin fitar da gwani a 2024, sai aka ƙara wa miya gishiri.

Ni dai ina ganin kofin ya fi ƙarfin wannan raini. Kowane kulob na buga wasa 82 a kaka, kuma kafin zuwan gasar nan wasannin Nuwamba salam suke, manyan 'yan wasa na ta hutawa. A shekarar farko, kowane ɗan wasan kulob ɗin da ya yi nasara ya samu dala 500,000. A wurin LeBron kuɗin cefane ne, amma ga sabon yaro mai mafi ƙarancin albashi ya kai kusan rabin abin da yake samu a shekara.

A duba kuma su wa ke zuwa wasan ƙarshe. A Disambar 2024 Milwaukee Bucks, da Giannis Antetokounmpo wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ta lallasa Oklahoma City Thunder 97 da 81. Wata shida bayan nan Thunder ɗin ce ta zama zakarar NBA, bayan ta doke Pacers, wato wadda ta sha kashi a hannun Lakers.

Inda nake tare da masu zolaya shi ne fentin musamman da ake yi wa filayen wasa don wannan gasa. Wasu launukan sai mutum ya ɗauka talabijin ɗinsa ce ta lalace. Sannan wasan ƙarshen ba ya shiga lissafin teburi, makin da ɗan wasa ya ci a ranar ma ba a haɗa masa da na kaka. Wannan kam Adam Silver, shugaban NBA, ya kamata ya gyara.

Naku,
wani mai bin ƙwallon kwando daga Kano