Wasiƙa daga Lome zuwa ga Yayana a Maraɗi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Inna da iyali baki ɗaya, kamar yadda nake lafiya a nan, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci cewa kai da abokan cinikinka biyu kun haɗa jari za ku yi odar kwantena guda ta yadi daga Sin, kana son sanin ko za ta iso Maraɗi kafin azumi. Tun da kullum a tashar jiragen ruwa nake yini, a ofishin masu fitar da kaya, na ga ya wajaba in rubuta maka a tsanake, domin magana ce da ta fi ƙarfin waya.

Ita tashar Lome kanta ba a nan kaya suke makalewa ba. Zurfin ruwanta ya haura mita 16, shi ya sa manyan jiragen da ke fitowa daga Asiya suke iya tsayawa a bakinta kai tsaye, kuma tun da aka buɗe sabon ɓangaren kwantenoni a 2014 aiki ya bunƙasa, har ta kai ana juya kwantenoni kusan miliyan 2 a shekara, bisa ma'aunin kwantena mai tsawon ƙafa 20. Yawancinsu ko cikin gari ba sa shiga, ana sauke su ne daga babban jirgi a ɗora wa ƙananan jirage su rarraba su a sauran tashoshin gaɓar Afirka. Da za ka ga mai sarrafa ƙugiya zaune can sama a cikin ɗan ɗakinsa na gilashi, yana duban ƙasa ta tsakanin ƙafafunsa, ya sauko da ƙarfen ya kama kusurwoyin kwantena huɗu, ya ɗaga ta kamar mace ta ɗauki faifai, ya dire a bayan mota cikin minti biyu, da ka yarda cewa sauke kaya ba shi ne matsalarmu ba. Dare da rana haka ake yi, ba a tsayawa.

Wahalar tana farawa ne daga takardu. Kowace kwantena tana da lamba a jikinta, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, kuma da wannan lamba ake nemanta a cikin dubban da aka jibge. Ka rubuta ta ka adana da zarar an yi lodi. Sannan akwai takardar lodi da kamfanin jirgi ke bayarwa, wadda in babu ita ba wanda zai sakar maka kayanka, ko da ka rantse da Alƙur'ani naka ne. Dole sunan da ke kanta ya dace da na sauran takardu harafi da harafi, kuma a rubuta a fili cewa kayan masu wucewa ne zuwa Nijar, don kada 'yan duwan su lissafa su cikin na Togo. Daga ranar da aka sauke kwantena akwai 'yan kwanakin da ba a biyan komai, in sun ƙare sai kuɗin jinkiri na kamfanin jirgi da kuɗin ajiya na tasha su fara hawa kowace safiya. Na ga wani dattijo ɗan ƙasarmu yana zaune a kan benci a ofishinmu, ya cire hula ya riƙe a hannu, yana jiran gyaran kuskuren suna ɗaya daga Sin, ribarsa kuwa tana tafiya a kuɗin ajiya. Ba na so in gan ka a kan wannan benci.

Bayan takardu sai hanya, wadda ita ce ta fi damuna. Ka san tun juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 aka rufe gadar Gaya da Malanbil da ke kan iyakar Nijar da Benin, kuma ko da ECOWAS ta janye takunkumi a Fabrairun 2024, ɓangarenmu bai buɗe ba, sai kayan da a da suke bi ta Kwatano suka karkato nan. Mota za ta tashi daga Lome ta ratsa Togo har Sinkase, ta shiga Burkina Faso, ta bi ta Kaya da Dori zuwa Tera, sannan Yamai, kana ta kama hanyar Dosso da Ƙonni zuwa gare ku. Saboda rashin tsaro, ba a barin mota ta ratsa arewacin Burkina ita kaɗai, sai an tara ayari sojoji sun raka, kuma direbobi kan shafe makonni suna jiran ranar tashi, suna kwana a ƙarƙashin motocinsu. Kuɗin mota ya hau saboda haka, ban kuma ga laifinsu ba, don da ransu suke wannan tafiya.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka yi wa kowa alkawarin kaya kafin azumi, kuma kada ka karɓi kuɗin mutane a kan kayan da suke kan ruwa. Ku ware wani kaso na jarin tun yanzu domin fito da sufuri, maimakon ku zuba shi duka a yadi. Ni a ganina gara a buɗe kwantenar a nan a juye dilolin cikin babbar mota, domin in aka tafi da ita har gida sai an ajiye kuɗin jingina, kuma kowace ranar da ta yi a jiran ayari da dawowa a kanku za a lissafa. Shanun Inna kuwa, don Allah kada a sayar da ko ɗaya a saka cikin wannan harka, ko da ita ce ta ce a yi.

Da zarar mai sayar muku da kaya ya turo kwafin takardun, ka aiko mini da hotunansu in duba kafin jirgi ya taso, lokacin da gyara yake da sauƙi. Ka gaishe mini da Inna da kyau, ka roƙa mini addu'arta, ka kuma gaishe da maiɗakinka da yara. Allah Ya sa albarka a cikin neman, Ya kawo kayan lafiya.

Wassalam,
Ƙanenka.