Zuwa ga Yaya, kan maganar wayar Hajiya

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Ya Hajiya da ƙafar tata, ya Anti da yara, ya zafi? Ni lafiya lau, aiki sai godiya. Ka gaida Kawu na Gwammaja, ka ce masa ban manta da saƙonsa ba.

Sati uku ke nan ban ji muryar Hajiya ba. Sai jiya Gwaggo ta gaya min wai wayar ta kumbura har sikirin ya ɗago, an ɗaure ta da kyauro ana ci gaba da caji. Duk gidan an rasa mai faɗa min, sai a bakin Gwaggo zan ji? To shi ke nan. Na rubuta ne maimakon saƙon murya don ka zaunar da Abba ka karanta masa.

A daina cajin wayar nan yau, ba sai gobe ba. Batir in ya kumbura, sinadarin ciki ne ya lalace iska ta taru. Kada a danna shi wai ya koma, kada a huda shi da allura, kada a sa shi a firij. In ya huje yana iya kamawa da wuta nan take. A kashe wayar, a ajiye ta a kan siminti, nesa da katifa da labule, inda yara ba za su kai ba.

Na tura maka naira dubu 90. Dubu 60 na cefanen Hajiya da maganinta ne, ba a taɓa su. Sauran na batir da caja. Ka je Farm Centre ko Beirut Road da ƙafarka, kada ka aiki Abba. A buɗe wayar a gabanka. Akwai lamba a jikin tsohon batirin, ka tabbatar ita ce a jikin sabon, ka kuma duba shekarar da aka buga masa, domin batir yana tsufa ko a cikin kwalinsa ne. Tsohon ka bar wa mai gyara, kada ya dawo gida ya ƙare a bola inda ake cinna wa shara wuta.

Yanzu abin da ya kashe wancan, don kada sabon ya bi shi. Wayar nan wata 14 kacal ta yi a hannunta. Batirin litiyam mai kyau yakan yi zagaye kamar 500 kafin ƙarfinsa ya sauko zuwa kashi 80 cikin 100. Zagaye ɗaya kuma ba jonawa ɗaya ba ce: in ta ci rabi yau aka cika, ta ci rabi gobe aka cika, zagaye ɗaya ke nan. Saboda haka yawan jonawa ba laifi ba ne. Zafi ne ya cinye shi. Su kansu masu ƙera wayoyin, irin su Apple, sun ce zafin da ya haura digiri 35 yana rage ƙarfin batir, ragin da ba ya dawowa. Ka san Kano a watan Afrilu, 40 ma wucewa take yi a inuwa, balle ɗakin Hajiya mai rufin kwano. Shi kansa cajin yana haifar da nasa zafin. Sai kuma a tura wayar ƙarƙashin filo tana caji ana jin karatu har gari ya waye, robar bayanta a jiki. Ina zafin zai bi ya fita?

In za a yi caji, a cire robar, a kwantar da wayar a kan tayil ko siminti, ba a kan katifa ba, ba bakin taga ba. In da zaɓi, da asuba ko bayan isha'i. In ka ɗauke ta ka ji ta fi tafin hannunka ɗumi sosai, cire ta ta huce tukuna. Kai ma ka daina barin taka a gaban mota cikin rana in ka shiga Kwari.

Abba kuma. Na san shi ne yake karɓar wayar yana buga gem da kallon TikTok tana jone. Wannan zafi biyu ne lokaci guda, na caji da na aikin wayar. Ba tasa ba ce. Ka gaya masa ni na ce, in na sake ji, maganar kuɗin rajistarsa sai ya nemi wani. Ba zan fasa biya ba, amma kada ka gaya masa haka.

Abu na biyu, cika da ƙarewa. Batirin nan ya fi samun sauƙi tsakanin kashi 20 da 80. In ya kai 100 kamar buhu ne da aka ɗura wa hatsi har ɗinki yana ƙara, zai ɗauka, amma in kullum haka yake kwana, ga zafi, bakin zai saki. Barinsa ya mutu ƙurmus shi ma yana cinsa, musamman in aka yar da wayar kwanaki a haka. Maganar nan da ake yi wai sai waya ta mutu sannan a caja, ko wai sabuwa sai ta yi awa takwas a wuta, ta zamanin batirin nikel ce, ba ta shafi wannan ba. Ka shiga saitin, wajen batir, ka nemi inda ake tsayar da caji a 80 ko 85. Samsung na da shi, iPhone daga 15 ma haka, wasu ƙananan wayoyin ba su da shi. In babu a tata, ido ne kawai.

Na san abin da za ka ce: wanda bai san yaushe za a kawo wuta ba, ina shi ina cirewa a 80? Gaskiyarka. Ran da kuka ga alamar za a kwana biyu a duhu, a cika ta, gara 100 da sifili. Abin da na hana shi ne ta cika ƙarfe goma na dare a bar ta a jone har safe. Kuma in an kawo wuta kada a ruga soket, a ba ta minti biyar ta daidaita, domin sau da yawa da ƙarfi take dawowa, caja ce ke fara ƙonewa. Inji ma haka, sai ya zauna a jona, a cire kafin a kashe shi. Shagon mai caji na bakin layi in ya zama dole, a kai da cajarta, a roƙe shi kada ya jibga ta cikin tarin wayoyi masu zafi.

Cajar da ta zo a kwali ina take? Ba sai ka amsa ba. Ka sayi ta kamfanin wayar. Jabu ba ta da nauyi a hannu, kanta yana zafi kamar dutsen guga, wani lokaci tana 'yar ƙara, kuma in an jona sai ka ga sikirin yana danna kansa. Duk wadda ta yi haka a yar. Mai saurin caji ba ta da illa in ta kirki ce, waya abin da za ta iya ɗauka take ja, sai dai ta fi kawo zafi, don haka da rana tsaka gara mai wat 10. In caji yana yankewa, kafin a zargi batir a leƙa ramin cajin, ƙurar hunturu ce take daskarewa a ciki. A kashe wayar a sakace a hankali da tsinken sakace, ban da allura.

Akwai mai tahowa ƙarshen wata, zan ba shi fawa banki mai ƙarfin 10,000 mAh, a jakar hannu ake shiga jirgi da shi shi ya sa ban sa a kago ba. Kada ku zaci zai cika wayar sau biyu, wani kaso yana tafiya a zafi, sau ɗaya da ɗan ƙari zai yi. Na Hajiya ne.

Ka yi haƙuri Yaya, na ga sai umarni nake ta bayarwa daga nesa. Kai ne kake kai ta asibiti, kai ne kake tashi cikin dare, ni waya kawai na iya aikowa, ita ma ga yadda ta ƙare. Nan Dera, a Dubai, wayoyin mutane nake buɗewa tun safe har dare, a ce ta uwata ce aka ɗaure da kyauro. Kada ka gaya mata na yi faɗa. Zafin nan ya fi naku amma shago akwai sanyi, masauki ma ba laifi, muna da yawa dai.

Dubu 60 na Hajiya ne, na sake faɗa. In kuɗin batir bai isa ba ka gaya min, kada a ɗiba daga nata. Ran da aka gyara ka sa ta yi min saƙon murya ko na minti ɗaya ne, mun riga ku da awa uku amma ko ƙarfe nawa ne zan ji. A ce ta sa min albarka.

Ƙaninka.