Masu kamfanin roba ku riƙa rubuta mana abin da kuka zuba a ciki

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a bani fili nayi magana da masu kamfanonin roba da kuma hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki.

Ni ina da ɗan injin niƙa roba a Dakata nan Kano, muna saye a hannun yaran bola jari mu niƙa mu wanke mu sayar ma masu narkarwa. Yadda muke rarrabe kaya babu wani boko a ciki, kwatami ne da ruwa. Jarka da murfin gora da bokiti, wato masu lamba 2 da 5 (lambar da ake bugawa a jikin roba don nuna irinta), sai su taso sama, ita kuwa gorar ruwa mai lamba 1 da bututun PVC mai lamba 3 su nutse ƙasa, kowa ya kwashe nashi shikenan.

Toh watan jiya na sayi karyayyun kujeru lodi guda, dukkansu an buga musu 5, muka niƙa muka juye a kwatami wallahi ina tsaye ina kallo fiye da rabi ya tafi ƙasa ya cakuɗe da gora, yaro ya sa hannu ya ɗebo ya murza sai ga fari fat a tafinsa kamar ya taɓa allon makaranta. Ashe alli ne aka narka da robar don a rage tsada. Ita robar kujera nauyinta wajen 0.9 ne in an ɗauki na ruwa a matsayin 1, shi kuma alli 2.7, kaga da an zuba kusan kashi 15 cikin 100 magana ta ƙare, bazata ƙara tasowa ba. Mai sayen ya zo ya duba buhu ya zabge kuɗin yadda yaga dama, kuma banga laifinsa ba.

Wadda tafi ciwo ita ce gora da PVC tunda duk nutsewa suke, kuma PVC ɗin ko ɗan kaɗan ya shiga cikin gora in an narka sai kayan suyi rawaya ga wani hayaƙi mai cin ƙarfen inji. Akwai wata dabarar raba su da kumfa, a fara wanke kayan da soda sai fatar gorar ta fara karɓar ruwa, a busa iska ta ƙasa, kumfar ta manne a jikin PVC ta ɗago shi. Har sinadarin tanin ana sawa, irin na bagaruwar da majema ke jima da ita, abin ya bani mamaki. Amma ita ma wannan dabarar tana da matsala tunda fatar robar take bi, maganin laushi da ake sa ma tiyo da ledar tsakar ɗaki yana tsattsafowa ya canja fatar, haka robar da ta sha ranar bola.

Ba cewa nake a daina sa alli ba, kowa neman na tuwo yake. A jikin robobin mota zaka ga an buga irin su PP-TD20, ma'ana akwai hoda kashi 20 a ciki. Me zai hana SON ta sa masu kujera da baho da bokiti a Sharaɗa da Bompai su buga mana irin wannan a ƙarƙashi, mu ware tun kafin ya shiga inji?

Naku,
Mai niƙa roba, Dakata, Kano