Kada na'urar numfashi ta ƙare a saman wadirob

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan abin da muka mayar abin dariya, wato minshari, da kuma na'urar taimaka wa numfashi a barci da likita ya ɗora ni a kanta wata huɗu da suka wuce. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya na je duba wani abokin aikina da hawan jini ya kwantar, sai na hango jaka irin ta na'urata a saman wadirob ɗinsa, ƙura ta lulluɓe ta. Na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce kwana uku ya yi da ita ya ga ba zai iya ba. Ban ga laifinsa ba, don ni ma saura ƙiris tawa ta hau can.

Ni malamin sakandare ne a Kano, shekarata 53, kuma ina da ɗan jiki. Uwargida ta daɗe tana cewa ba minsharin ne ke hana ta barci ba, ta saba da shi kamar mai gida kusa da injin niƙa. Shirun da ke biyo baya ne ke tayar mata da hankali. Sai in yi ɗif, ƙirji na motsi amma iska ba ta shiga, ta zuba ido tana salati, har sai na fizgo numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Da safe ni ban san an yi ba. Abin da na sani shi ne ciwon kai, da tashi fitsari sau uku sau huɗu a dare, da gyangyaɗi a wajen huɗubar Juma'a har na kusa da ni ya zungure ni. Gwaggona ta ce dannau ne. Abokai suka ce ƙoshi ne. Ban je asibiti ba sai ranar da barci ya sace ni a kan sitiyari kusa da Kwanar Ɗangora, na farka na ji tayoyin dama suna cin tsakuwa, yarana biyu suna baya.

An ba ni wata 'yar na'ura na kwana da ita a gida: bel a ƙirji, siririn tiyo a hanci, wani abu maƙale a yatsa. Sakamako ya nuna numfashina na ɗaukewa ko ya ragu sosai sau 41 a kowace awa. Likita ya ce ba a ma lissafa ɗaukewar sai ta kai daƙiƙa 10, kuma daga 5 zuwa 15 a awa mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici, abin da ya haura 30 ya yi tsanani. Ya zana mini a takarda yadda naman maƙogwaro da gindin harshe ke saki idan barci ya yi nauyi, su rufe hanya, iskar oksijin ta ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta firgita ta tashe ka na ɗan lokacin da ba za ka tuna ba. A ce ana yi wa mutum haka sau ɗaruruwa kafin asuba, ina zuciya za ta huta? Nan na gane dalilin da ya sa maganin hawan jinina ya daina ji.

Sunan na'urar da likita ya ɗora ni a kanta CPAP. Masu zuwa dubiya sukan ce, "Subhanallahi, har an sa maka oksijin?" Ba oksijin ba ne. Iskar ɗakin ce take zuƙa, ta tace, ta turo ta cikin tiyo da ɗan ƙarfi don ta tokare maƙogwaro kada ya rufe. Wani likita ɗan Ostareliya, Colin Sullivan, ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni a 1980. Sayenta sai da na haɗa da kwasar adashi, kuma na ɗauka da na biya kuɗi wahala ta ƙare. Ashe yanzu aka fara.

Daren farko ba zan manta da shi ba. Na ɗaura takunkumin da ke rufe hanci da baki, na danna, sai na ji kamar na leƙo da kai ta tagar mota tana gudu. Shaƙa ba wuya, fitar da numfashin ne aiki. Na buɗe baki zan yi wa uwargida magana, iska ta kwashe maganar. Gemuna ya hana robar zama, iska na tsiyaya ta gefe tana hura mini ido, tana wata ƙara mai ban kunya. Na ƙara ɗaure igiyar, sai karan hanci ya ɗauki zafi. Ƙarfe biyu na dare na farka na tarar da takunkumin a ƙasa, ban san lokacin da na fizge shi ba. Da asuba na je masallaci da shatin igiya a kumatu kamar sabon zane, cikina kuma a kumbure da iskar da na haɗiya. Autata da ta gan ni da tiyo ta ruga tana cewa Baba ya zama giwa.

Haka na yi kwana tara. A dare na goma na naɗe tiyo na ce na haƙura. Uwargida ce ta ce, "Malam, ka koma wajen likitan. Ni ce nake ƙirga numfashinka, ba kai ba." Na koma ina kunya kamar ɗalibin da bai yi aikin gida ba, sai na tarar abin da na ɗauka gazawata ce, kusan kowane sabon shiga yana fama da shi, kuma kowanne da gyararsa. Aka canja mini takunkumi zuwa ƙarami mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci, gemu ya tsira ba tare da aski ba. Aka ba ni wani maɗauri na haɓa don kada baki ya buɗe. Aka kunna tsarin da ƙarfin iska ke farawa a hankali daga lamba 4 ya riƙa hawa har zuwa 10 da aka yanka mini, lokacin barci ya riga ya ɗauke ni. Aka kuma nuna mini cewa matse igiya da yawa shi ke ƙara tsiyayar iska. Shawarar da ta fi yi mini amfani ita ce mafi sauƙi: in riƙa sa takunkumin da yamma ina zaune ina makin takardun ɗalibai ko ina jin rediyo, minti 20 ko 30, har fuska ta daina ɗaukarsa baƙo.

Akwai kuma abubuwan da littafin da ke cikin kwali bai san da su ba, don ba don mu aka rubuta shi ba. Na fara ne a cikin hunturu, hanci ya bushe har da ɗan jini, sai da na koyi zuba ruwa a 'yar tankin da ke jiƙa iskar. Tataccen ruwa ake so, na famfo yana barin farin ɓawo. Ɗan soson da ke tace iska, a ƙurar Kano mako guda ya ishe shi ya koma ruwan ƙasa, sai ka riƙa dubawa. Tiyo kuwa sai na zura shi ta ƙarƙashin gidan sauro na danne da katifa, in ba haka ba ka buɗe wa sauro ƙofa.

Babbar matsala ita ce wuta. Idan aka ɗauke cikin dare, sai ka farka kana neman iska. Na fara da janareto, amma maƙwabta da kuɗin fetur suka hana. Daga baya na haɗa ɗan batir da inbata da faifan sola guda ɗaya. Na lura cewa abin da ke ɗumama ruwan tanki shi ke shanye batir, idan na kashe shi na'urar takan kai ni asuba. Duk wanda zai saya, ya yi lissafin wuta tun kafin ya biya.

Sai a mako na huɗu na fara ganin amfani. Wata rana na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da ladan ya yi kiran farko, ko fitsari ban tashi ba. Na zauna a bakin gado ina mamakin yadda kaina ya yi sakayau. Har mafarki na dawo ina yi, abin da na manta rabona da shi. An ce mafi ƙanƙantar abin da ake so shi ne awa 4 a dare, a darare 7 cikin 10. Yanzu allon na'urar kan nuna mini awa shida da wani abu, ɗaukewar numfashin kuma ta sauko ƙasa da 5. Ba zan ce ina son ta ba. Har yau akwai daren da mura ke toshe hanci mu yi ta faɗa, kuma ban san yadda za mu ƙare da ita a zafin Afrilu ba, lokacin da kowa ke gudu tsakar gida. Likita ya kuma gaya mini gaskiya cewa ba ta warkarwa, daren da ka ajiye ta ciwon na nan, kuma rage ƙiba nauyi ne a wuyana.

Kukana ga masu sayar da waɗannan na'urori shi ne, ba rediyo ba ce da za a miƙa wa mutum a kwali a ce sauka lafiya. Wanda na saya a wurinsa ko gwada mini takunkumi bai yi ba. Likitocinmu kuma su riƙa sa ranar dawowa a cikin makon farko, kafin mutum ya yanke ƙauna. Kai kuma Edita, don Allah a gayyato ƙwararre ya yi bayanin wannan ciwo a shafin lafiya, musamman saboda direbobin manyan motoci da na haya, waɗanda muke ɗura wa goro da shayi don kada su yi gyangyaɗi, alhali wasunsu maƙogwaro ne ke hana su barci.

Shi kuwa abokin nawa, mun sauko da jakarsa mun kaɗe. Takunkuminsa irin nawa na farko ne, kuma gemunsa ya fi nawa cika. Ya so in saita masa irin lambata, na ce a'a, wannan aikin likita ne. Ranar Talata bayan an tashi daga makaranta zan raka shi.

Naku,
Wani malamin makaranta, Kano