Wasiƙa zuwa ga Yaya daga ɗakin karatun kiɗa a Indiyana

Bloomington, Indiyana, Amurka

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da Inna, da duk mutanen gida. Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai sanyi ya fara leƙowa, ganyayen itatuwa duk sun yi ja suna zuba.

Na ji saƙonka cewa hankalin Inna bai kwanta ba tun da aka ce mata na sami aiki a "gidan kiɗa". Don Allah ka zauna ka yi mata bayani, ɗanta bai zama maroƙi ba, karatuna kuma yana nan daram. Ɗakin karatu ne na makarantar kiɗa ta Jacobs a nan Jami'ar Indiyana, sunansa Cook. Aikina jera littattafai da karɓar waɗanda aka aro, kuma doka ba ta bar ɗalibi baƙo ya wuce awa 20 a mako ba idan ana cikin zangon karatu. Wurin ma ya fi laburaren Kashim Ibrahim na Samaru shiru, don kowa da abin sauraro a kunnensa.

Abin da ke ciki ya haura 600,000, tsakanin littattafai da fayafayai da takardun kiɗa. Su mutanen nan rubuta kiɗansu suke yi, da ɗige-ɗige a kan layuka biyar, har wanda ya mutu shekara ɗari biyu da suka wuce a iya buga abin da ya tsara ba ragi ba ƙari. Sababbin da suka iso ni nake jera su a kantar da ke kusa da ƙofa, su yi kwanaki a nan kowa ya gani kafin a kai su mazauninsu. Taruka kuwa ba a magana. Makarantar tana shirya wasanni fiye da dubu a shekara, yawanci ɗalibai ne ke gwada abin da suka koya, kuma mafi yawa kyauta ake shiga. Na leƙa na wata mai goge irin nasu. Ta iya, ba shakka, amma zama ake yi tsit, ba guɗa, ba liƙi, tari ma sai ka danne. Ni dai bai ratsa ni ba. Bikin Lotus da garin ke yi duk kaka tun 1994 ya fi mini daɗi, don can makaɗan ƙasashe daban-daban ne ke zuwa, har da na Afirka.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani baje-koli da na taya jerawa a akwatin gilashi, na abubuwan da aka riƙa naɗar murya a kansu. Akwai faifan garmaho irin na Kaka mai fashewa, da babban faifai baƙi, da zaren tef na gidan rediyo, da kaset, har zuwa CD. Wannan ya sa na taka zuwa ma'ajiyar kiɗan gargajiya ta jami'ar, wadda wani malami George Herzog ya kafa da zuwansa jami'ar a 1948. Suna da naɗe-naɗe sama da 100,000 daga ko'ina a duniya. Cikinsu akwai wasu gwangwanaye na kakin zuma kusan 7,000, waɗanda a kansu ake naɗar murya kafin faifai ya yaɗu. Kowanne minti biyu zuwa huɗu kawai yake ɗauka, wasu kuma tun shekarun 1890 suke.

Kiɗanmu ma ba baƙo ba ne a nan. A 1974 sashen nazarin Afirka na jami'ar nan ya buga ɗan littafin Fremont Besmer a kan kiɗan daren salla a Kano. Na kuma ga ƙamus ɗin da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 na kalmomin kiɗan Hausa: kalangu, kotso, taushi, jauje, kakaki, algaita, kowanne da bayanin wanda ake yi wa shi. Shi Ames a Zariyarmu ya zauna yana naɗar makaɗa wajen 1963 zuwa 1964, lokacin Baba yana yaro. Na karanta na ji daɗi, na kuma ji ciwo, don akwai abubuwan da sai a nan na fara saninsu.

Wata ma'aikaciya ta yi mini bayanin cewa tef ba ya jiran kowa. Zafi da laima suna cin sinadarin da ya manne muryar a jikin zaren, sai ya yi danƙo ko ya yi fumfuna. Wani ma sai an gasa shi a wuta mai sanyi-sanyi na sa'o'i kafin ya juyu. Shi ya sa a 2013 jami'ar ta ware dala miliyan 15 don kwashe tsofaffin naɗe-naɗenta zuwa kwamfuta, suka kwashe fiye da 300,000. Na asalin ba su zubar ba, suna ajiye a ɗaki mai sanyi.

To Yaya, ka tuna kwalin kaset ɗin Baba, Allah ya jiƙansa, da ke ƙarƙashin gado a ɗakin soro. Na ji matarka tana cewa za a fitar da shi don yana tara kyankyasai. Don girman Allah kada a zubar. Na Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da ya saya a kasuwa ba su ne damuwata ba, ana samunsu a waya. Waɗanda ya naɗa da kansa nake ji: na Rediyon Kaduna, da na bikin Gwaggo da aka kira masu kalangu, da karatun Malam na azumi. Shata ya rasu tun 1999, Ɗan Maraya a 2015, amma su duniya ta riƙe musu. Makaɗin unguwarmu kuwa, in ba a kwalin nan ba, ina za a ji shi?

Ka ɗauke kwalin daga ƙasa, ka sa a saman kabad inda rana ba ta bugawa, nesa da sifika don maganaɗisunta yana goge tef. Ka jera su a tsaye, ka ɓalle ɗan haƙoran nan biyu na saman kowanne yadda ba wanda zai naɗi wani abu a kai. Kada yara su sa su a tsohuwar rediyon nan mai cin zare. In Kawu ya zo, ka nuna masa rubutun da ke jiki ya gaya maka wane ne wane, ka rubuta a takarda, don shi kaɗai ya rage da ya san su. Na ga ƙaramar na'urar da ke kwashe kaset zuwa kwamfuta, ba tsada, zan taho da ita hutun bazara in Allah ya yarda.

Kuɗin makarantar yara zan turo ƙarshen wata. Ka gaida Inna ƙwarai, ka ce ta ci gaba da sa mini albarka. Ka gaida Kawu da Gwaggo da matarka da yara. In ka sami mai tahowa, a sako mini kuka da daddawa da yaji.

Ka huta lafiya.

Ni ne ƙaninka.