Wasiƙa kan Ja da Kumburin Fatar Ido

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan kowa lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma damu da jin bakin fatar idonka ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga busasshiyar kwantsa a gindin gashin ido kowace safiya.

A bakin fatar ido, bayan layin gashi, akwai ƙananan ƙofofin maiƙo, wajen 20 zuwa 40 a kowace fata. Maiƙon nan shi ke hana hawaye bushewa da wuri. In ya yi kauri ya toshe ƙofofin, sai wurin ya kumbura, ido ya riƙa yi kamar an zuba masa yashi. Wani lokaci kuma ƙwayoyin cutar fata ne suka yi yawa a gindin gashin, ko amosanin kai ya sauko. Ciwon nan ba a ɗaukarsa daga wani, sai dai yana lafawa ya dawo.

Maganin farko gashi ne, wato gasa wurin da ɗumi. Ka wanke hannu, ka jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan ɗumi, ka rufe ido ka ɗora minti 5 zuwa 10. A nan yawanci ake kuskure: ƙyallen yana hucewa cikin minti biyu, maiƙon kuwa bai narke ba. Saboda haka ka riƙa sake jiƙa shi. Sannan ka murza a hankali da yatsa zuwa wajen gashin, fatar sama ka yi ƙasa, ta ƙasa ka yi sama. Sai ka goge gindin gashin da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, kowane ido da audugarsa. Safe da yamma, har ya lafa, daga nan sau ɗaya kullum. Ka dakatar da kwalli. In hazbiya ta fito, kada ka matse ta.

Don Allah kada ka sayi maganin ɗigawa mai siteroyid (sinadarin rage kumburi) da kanka. Yana kawar da jan nan da nan, amma yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido. In ka yi makonni kana gashi babu sauƙi, likitan ido zai iya rubuta man chloramphenicol ko ƙwayar doxycycline, wadda ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro.

Amma in gani ya ragu, ko haske yana damunka, ko fatar ta kumbura sosai da zafi da zazzaɓi, ka tafi asibiti ranar.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka rubuto mini yadda ake ciki.

Naka amini.